Baba, Malam Idi ya zo neman gafara

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kana cikin kariyar Allah a duk inda suka ajiye ka. 'Yarka Hajara ce.

Damina uku ke nan da masu kaki suka tafi da kai. Sun ce kai ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, wai kana hawa tudun bayan gona kana ba su labari, ga kuma lambar Nijar a wayarka. Baba, ai lambata ce! Duk ƙauyenmu wa bai san sai a kan tudun nan waya ke shiga ba? Tun da aka kai ni aure tsallaken iyaka, kowace Juma'a kake hawa da gwiwarka mai ciwo, don kawai ka ji ko ina lafiya.

Mun je Mai'adua, mun je Daura. Inna ta kai har Katsina da fura a kwano. Ba kotu, ba ganinka, haka ta dawo da furar ta yi tsami.

Wanda ya kai sunanka mun san shi. Malam Idi ne, maƙwabcin gonarka, wanda kake ara wa shanun huɗa. Ko wata ba ka yi da tafiya ba ya matsar da iyakar gona.

To, bana ya samu kujerar Makka. Jiya, na zo gida duba Inna, sai ya zo zaurenmu da liman da dattawa biyu, yana bin gida-gida neman gafara kafin ya tashi. Bai ma faɗi laifinsa ba, wai dai a yafi juna. Ni na amsa daga bayan ƙofa, na ce ya koma inda ya kai ƙarya ya warware ta, ka dawo gida, sannan a yi zancen yafiya. Ya ce jirgi ba ya jira. Dattawa suka ce na yi rashin kunya. Na yi ɗin!

Na san halinka, Babana. Kullum kana cewa riƙo wahalar da kai ne. Da kai ne, da tuni ka yafe, har ka raka shi tasha. Ni ban gaji wannan ba, kuma wallahi na tsane shi.

Allah ya dafa maka, ya fito mana da kai da ƙafarka. Shi kuwa, Allah ya kai shi lafiya, ya tsaya a Arfa ya ɗaga hannu, ya tarar Allah-ya-isata ta riga shi zuwa.

'Yarka mai jiran ka,
Hajara