Dariyar Ranar Laraba

Yalwawa, Dutse

Hajiya Kellu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Shamsiyya da jego, ya jaririn? Ki gaishe min da mutanen Haɗeja.

An ce kina ƙorafin ba na ɗaukar wayarki. Ba fushi ba ne, kunnena ne. Tun farkon damina nake jin masu bugo waya a shirina kamar daga cikin rijiya. Na ɓoye wa kowa. Shekara talatin da ɗoriya ina gidan rediyo, na san bakin mutanenmu, sai nake cankar sauran maganar.

Ranar Laraba wani dattijo ya bugo daga Miga. Na tsinci "shanu", na tsinci "ruwa", na ɗauka zolaya ce, na kwashe da dariya. Ashe cewa yake ambaliya ta tafi da shanunsa har da ɗansa mai kiwon. Misbahu mai kula da na'ura ne ya katse layin. Duk Jigawa ta ji dariyar nan.

Na kasa zama, Hajiya. In shiga ɗaki in fito, in kunna rediyo in kashe. Abinci ma a tsaye nake ci.

Mijinki,
Jaji

Hajiya Kellu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Na je Miga, na yi ta tambaya har na samu gidan dattijon. Sunansa Malam Ahmadu. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Ya shimfiɗa min tabarma, ya matso dab da ni, ya riƙa magana a hankali ina kallon bakinsa. Ba abin da ya wuce ni.

Ya ce yaron ba ya fita kiwo sai da rediyo a kafaɗa, saboda ni. Abin da ya sa ya bugo ke nan, yana so in ambaci sunansa, jama'a su yi masa addu'a.

Na miƙa wa Fiddausi, abokiyar aikina, karɓar waya. Ni ƙauyuka zan riƙa bi da rakoda. Likita ya ce a gwada na'urar ji, bai yi alkawari ba. Har yanzu idan lokacin shirin ya yi, sai in ga na miƙe ina neman hula.

Ranar Juma'a na ambaci sunan yaron, Ikrima. Ban ji kaina sosai ba. Idan kin saurara, ki rubuto min ko muryata ta yi rawa.

Naki har kullum,
Jaji