Takalman da Chaibou Ya Ƙi Gamawa

Agadas, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Lukumanu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Aissa da yara. Allah Ya tsare ku a Abijan, Ya sa albarka a nemanku. Mu ma muna nan lafiya gwargwado. Ƙafa dai tana nan da halinta, hannu kuma yana rawa, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Takardarka ta biyo mu daga gida Madawa, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo ta. Na ga fushinka. Ka ce Inna Biba, matata, ba ta kyauta ba da ta ɗauko tsoho marar ƙarfi ta hau hanya da shi cikin wannan fari saboda kasuwancinta, ka ce kuma za ka zo ka tafi da ni wurinka. Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka, Allah Ya yi maka albarka. Amma ka saurare ni kafin ka kama hanya.

Ba ka ga yadda na koma a gida ba. Abokan zamana duk sun rigaye ni, waɗanda na koyar a lakwal, makarantar boko, kuma fari ya watsa su. Sai in wuni a zaure ba wanda ya yi mini sallama. Abinci ya fita raina, ƙofar gida ma na daina zuwa. Da lokacin tafiyarta ya yi, Biba ta ce ba za ta bar ni in bushe a ɗaki ba, ko in bi ta ko ta fasa. Hanya ta yi wuya, ba zan ɓoye maka ba. A kowane shinge sojoji sai sun sauke mutane cikin rana sun duba takardu. Ita ce take zuwa ta roƙe su a bar ni a zaune, wani lokaci su yarda, wani lokaci su daka mata tsawa.

Mun sauka gidan Illiya, fatomanta, wato mai masaukinta, a tsohon gari. Ita kullum tana kasuwa, tana sayar da tabarmi da barkono, tana neman dabino da gishirin da za ta koma da su. Washegarin zuwanmu ta ce ta ba wani baduku mai suna Chaibou aikin takalma domina, amma ba ta da sukuni, in je in karɓo da kaina. Na yi gunaguni, na ɗauki sanda. A hanyar nan na fara ganin garin. Lungunansu matsattsu ne, gidajen jar ƙasa, in ka ɓata sai ka ɗaga kai ka nemi hasumiyar babban masallaci, mai itatuwa a jikinta, ita za ta mayar da kai hanya. Na wuce maƙeran azurfa, na wuce masu albasar Tabelot, na ga kuma Abzinawan da dabbobinsu suka ƙare suna zaune a bukkokin tabarma suna jiran rabon jar dawa. Wasu dattawa ne kamata, da rawaninsu tsaf, ba sa roƙon kowa.

Da na isa, Chaibou ya ce bai gama takalman ba. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka dama fura. Washegari ya ce sai ya gwada ƙafata. Bayan nan ya ce fatun bana na dabbobin yunwa ne, ba su da kauri, yana jiran mai kyau. Haka na yi ta zarya. A rumfarsa akwai tsofaffi da suke taruwa, suka sa ni gaba da tsiya, wai mu mutanen kudu muna tafiya kamar mun ɗauko rumbu a ka. Ni kuma na ce musu ban taɓa ganin garin da ake ɗinka takalmi kamar ana gina masallaci ba. Suna kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, in na makara sai su tambaya ko na tsaya bugun 'yan lakwal ne. Ban ankara ba na fara cinye furar, na fara zagayawa ta wata hanya don in ga sabon wuri. Rannan har unguwar Dagmanet na kai, ina hutawa a gindin katanga.

Shekaranjiya haƙurina ya ƙare. Na ɗaga murya irin ta aji, na ce zan gaya wa Biba ta karɓe aikin ta ba wani. Chaibou ya yi dariya har da hawaye, ya ɗaga wata fata, sai ga takalmana an gama su, har sun yi ƙura. Ya ce tun ranar farko suke nan. Biba ce ta roƙe shi kada ya ba ni, ya yi ta ja mini rai, ya zaunar da ni cikin mutane, ya ga na ci wani abu. Ya haɗa ni da Allah kada in tona shi.  Lukumanu, sai na ce ya mayar da su inda suke. Da yamma ta tambaye ni labarin takalma, na ce mata badukun nan nata malalaci ne. Ta ce ai sai haƙuri, in koma gobe.

Saboda haka kada ka zo ɗaukata. Ina tare da matar da ta san ciwona fiye da likita, kuma inda ta sa ƙafa nan zan sa tawa, iyakar kwanan da Allah Ya bar mini. Abin da nake so gare ka shi ne ka rubuto mata gaisuwa da hannunka, ka janye maganar da ka yi. Ta ji zafinta. Batun takalma kuwa ya tsaya tsakanina da kai.

Ka gai da Aissa, ka shafa mini kan yara, ka gai da kawunka Tanko in kun haɗu. Illiya yana gaishe ka ko da bai san ka ba. Ku taya mu roƙon ruwa.

Ni ne mahaifinka,
Mushe Sule