Kalmar da Ta Kayar da Ni a Jarrabawar Akawu

Zuwa ga Yaya Umaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajo da yara. Yaya sanyin Dahome, yaya ciniki? Mu nan Bagudo kowa lafiya, ni ne dai raina ba daɗi.

Da yake Turawa na shirin tafiya, ana ɗaukar akawuna 'yan ƙasa, na zauna jarrabawar. Babbar tambayar ita ce a cika shafi a kan "two contrasting markets". Na ɗauka "contrasting" ɗin nan "contract" ne, wato kwangila, na zuba bayanin kwangilar gina rumfunan kasuwa, har ina murna.

Da na gaya wa Malam Garba, tsohon malaminmu, sai ya riƙe baki. Ya ce, "Haba Sani! Kasuwa biyu masu bambanci ake nufi, kamar ta Lolo da ke cika maƙil, da kuma 'yar ƙarama ta ƙauye."

Jiya sakamako ya fito, babu sunana. Baba kuwa ya riga ya shaida wa abokansa ɗansa ya zama akawu, har ya sa an ɗinka mini riga. Na kasa faɗa masa.

Ka sa ni a addu'a, ka kuma rubuto mini yadda zan fara masa maganar. Ka gaishe da Kawu Bello.

Ƙaninka,
Sani