Bakin Ledar Ƙofar Kicin

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zafin ciwo ke magana ba. Likita ya gama kewaye-kewayensa, na kuma fahimci abin da bai faɗa ba. Dogo da Auta, na sa a kai wa kowannenku takardarsa yau, tun ina numfashi, tunda shekara biyu ke nan ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarku.

Na ɗaya. Rabon gado yana da ƙa'idarsa, ban shiga ciki ba. Roƙona kawai, kada a tayar da mahaifiyarku daga gidan nan, kada kuma a ɓamɓare ledar da ke ƙasa. Tun da idonta ya yi rauni, da tafin ƙafa take gane hanya. Ta san inda ledar falo ta haɗu da ta lungu, daga nan take lissafin takunta zuwa banɗaki.

Na biyu. Wuƙar yanka leda, da abin shafa gam, da abin dannewa, na Dogo ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a durƙushe a ɗakunan mutane da su, gwiwoyina shaida ne. Akwai ragowar leda a saman kabad. In wani wuri ya yage, ka ɗora sabon yanki a kai, ka daidaita zanen, ka yanka biyun a tare, facin zai zauna daram.

Na uku. A share kafin a goge. Yashi shi ke cin fuskar leda, a hankali, ba a lura sai ƙyallin ya tafi. Kada a taɓa ta da soson ƙarfe ko sinadarin wanke banɗaki, sabulu kaɗan a ruwan ɗumi ya wadatar. Kujera da firji ɗaga su ake yi. Dogo, da kai nake, kai da ka taso kana jan komai a ƙasa kamar kana fushi da shi. Tukunya mai zafi da dutsen guga kuwa, ko kusa.

Na huɗu. A matse tsumma sosai. Ruwa in ya samu gaɓa yakan shige ƙarƙashi, ya kashe gam, bakin leda ya ɗaga. In ya ɗaga, sai an bar ƙasa ta bushe ƙarau, kwana biyu ko uku, kafin a sake manna shi. Duk wanda ya koyi aiki a hannuna ya sha faɗa a kan wannan.

Na biyar, kuma dominsa na ɗauki alƙalami.

Ranar da mahaifiyarku ta faɗi a ƙofar kicin ta karya ƙugu, Auta ce ta goge gidan da safe. Dogo, ka tsaya a barandar asibiti ka ce ta bar ruwa a ƙasa, ka ce ta nakasa uwarta da ganganci irin nata. Ta rantse tana kuka cewa ƙasa a bushe take. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Gaskiya ta faɗa. Kwana huɗu kafin nan bakin ledar wurin ya ɗaga, na manna shi a kan danshi don ina sauri, alhali na fi kowa sanin ba zai kama ba. Shi ne ya sake ɗagawa ya kama yatsan mahaifiyarku. Da la'asar, kuna can asibiti, na ce zan ɗauko mata zane. Na dawo gida na busar da wurin, na manne shi tsaf, yadda ba wanda zai gane. Kunya ce ta kama ni, kada a ce aikin gwani ya kayar da matarsa. Na ce gobe zan faɗa, goben ta zama shekara biyu, ina kallo Auta ta ɗauke ƙafa daga gidan ubanta.

Jiya na gaya wa mahaifiyarku. Ba ta yi mini magana ba har yanzu, kuma ban ga laifinta ba.

Na shida. Dogo, kai ne babba, kai za ka taka har gidan ƙanwarka, ba aike ba, ba waya ba. Fushin da ka riƙe nawa ne, ka dawo mini da shi nan, zan ɗauka.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, Ya haɗa kanku, ku riƙe juna ku riƙe mahaifiyarku. Auta, ban ce dole ki yafe mini ba, ba ni da wannan bakin. Ki zo dai. In kin tarar da ni, ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan saurara har ki gama. In kin tarar na tafi, ki shiga wajen uwarki, ba ta taɓa yarda ke ce ba.