Wanda Zai Fito a Uba

Ƙofar Dumi, Litinin

Maimuna,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Takarda na rubuto saboda idan na kira ki a waya zan faɗi abin da zai raba mu har abada.

An ce mini kin sa ɗana Abdulmuhaimin cikin wasan kwaikwayon da kike shirya wa makarantarku na ranar ba da kyaututtuka, wai wasan 'yan sara-suka. Na ƙaryata, sai da na ɗaga katifarsa na ga adda ta katako. Da guntayen shagona ya sassaƙa ta, har da fenti ja a bakin. Ni na koya masa riƙe zarto don ya yi kujera, ke kuma kin koya masa wannan. Sannu da ƙoƙari, Malama!

Shekararsa sha biyar. Kin fi kowa sanin abin da sara-suka ta ci a gidan nan. Ki cire shi kafin Asabar, ba shawara nake ba ki ba.

Yayanki,
Salihu

Gwallaga, Talata

Yaya Salihu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya, kuma hawan jinin ya sauka, don na ga alamarsa a rubutun.

Yaya, kai dai har gobe sai ka yanke hukunci sannan ka tambaya. Addar ba tasa ba ce, ya sassaƙa wa Bappa ne, yaron da zai fito a ɗan sara-suka. Yara goma sha ɗaya ne a wasan, kusan kowannensu ya taɓa tsallake jini a hanyar makaranta. Idan ba su faɗe shi a kan dandamali ba, a lungu za su faɗe shi, kuma addar can ba ta katako ba ce.

Ɗanka a uban yaron zai fito. Shi ya roƙa da bakinsa, har da ƙwalla. To, ka kwantar da hankalinka, babu wanda zai ce ɗan kafinta ya riƙe makami. Ba zan cire shi ba.

Ka gaida uwargida Yaya Hamsatu, ita dai Allah ya ba ta ladan haƙuri.

Ƙanwarka,
Maimuna

Ƙofar Dumi, Laraba

Maimuna,

Na gaishe ki don addini ya ce a gaisa.

Yau bayan la'asar na je makarantar taku, na tsaya bayan taga. Na ga ɗana sanye da hulata da na yi mako ina nema, ya zuba toka a kai, ya goya hannu a baya. Na ji ya buɗe baki ya ce: "Fita! Na sallama wa duniya kai. Ko gawarka aka kawo, ba a ƙofata za a ajiye ba." Yara suka yi ta tafi.

Maganata ce, kalma da kalma, ranar da na kori babban ɗana Sabitu. Mu huɗu ne a tsakar gida ranar, har da ke. Ashe kina tsaye kina share hawaye ne kina haddacewa! Yanzu za ki tara iyayen Gwallaga kaf, ki sa ɗan cikina ya tsire ni a gabansu. Wa zai ga hular nan bai gane ni ba? Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma wallahi ban taɓa ganin maci amana irinki ba. Ya yi zafi, Maimuna, ya yi mini zafi.

Salihu

Gwallaga, Alhamis

Yaya,

Na amsa gaisuwarka yadda ka yi ta.

Ka ƙirga mu huɗu, ka manta na biyar. Abdulmuhaimin yana bayan randa ranar, yana da shekara sha biyu. Ni abin da na rubuta wa uban shi ne "Ka bar mini gidana", shi ke nan. Sauran daga bakin ɗanka ya fito ranar gwaji na farko, ni kaina sai da na nemi wuri na zauna.

Tunda ka iya laɓe, da ka daure ka ga ƙarshen. A rubutuna, da aka sare yaron, uban ya zo ya ɗauki makara, ya bi ɗansa har kushewa. Makonmu uku muna faɗa da Abdulmuhaimin a kan wannan fitowa. Ya ce ba zai yi ba, ƙarya ce, uba ba ya zuwa. Ya ce bara da aka kawo gawar Sabitu, a ƙofar maƙwabta aka yi masa salla, kai kana shago kana goge ƙofar wani, shi kuma yana cikin masu zuba ƙasa. Me zan ce masa? Ka gaya mini, kai mai iya magana.

Ka yi nasara, na cire shi, Bappa ma ya mayar da addar. Abdulmuhaimin bai yi kuka ba, amma kallon da ya yi mini na taɓa ganinsa a fuskar yayansa. Na ɗaya ka kore shi da baki. Wannan kana zaune zai fita, ba ka ma san ya fita ba.

Na bar ka lafiya,
Maimuna

Ƙofar Dumi, Juma'a

Maimuna,

Gaisuwa. Ban yafe miki ba, kada ki ɗauka haka.

Ki mayar da shi. Ya yi ƙarshen yadda ya sani, kada ki ƙara tilasta masa ƙaryarki. Ba zan zo kallo ba.

Abu ɗaya. Bayan an sauko daga masallaci na shiga maƙabarta, na yi ta zagaye har la'asar, duk kaburburan iri ɗaya ne. Ni ba zan iya tambayarsa ba. Ki tambayar mini shi, a ina aka sa yayansa.

Yayanki,
Salihu