Na Tsaya A Layin Da Ba Na Ɗana Ba

Assalamu alaikum ma'abota wannan fili, manyanku da yaranku. Ni tsohuwa ce, ban san boko ba. Wata maƙwabciyata mai karatun likita ce take rubuta mini, kuma na ja mata kunne ta sa maganata yadda ta fito, kada ta shafa mata mai. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Wanda ya yi niyyar zagina ma ya dakata ya ji, don zagin nasa ya zo daidai da laifin.

Daga Guangzhou nake magana, garin nan na ƙasar Sin da mutanenmu suke zuwa saro kaya. Asalinmu Kano. Ɗana na fari ne ya kawo mu ni da mahaifinsa, shi ɗan kasuwar takalma ne a wata kasuwa da ake kira Zhanxi. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba don ɓoyewa kawai ba, tun da na haife shi sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Malam, maigidana, ya rasu a nan. A nan aka binne shi, cikin mutanen da bai san yarensu ba, nesa da kabarin iyayensa. Yanzu haka ina cikin takaba. Kuka kuwa ban daina ba, kuma ba na ɓoye shi. In na ga butarsa sai na yi, in na ji tarin wani tsoho a matattakalar bene sai na yi. Mutumin da muka tsufa tare, wa zai hana ni?

Da muka zo garin nan, Malam ya ga yaran mutanenmu suna yini a shaguna tsakanin kwalaye, sun iya ce wa mai shago "lawban", wato maigida, sun iya "meyo", wato babu, amma wani ko Fatiha bai kai ƙarshenta ba, Hausar ma tana tsinkewa a bakinsa. Sai ya fara tara su a falonmu. Daga baya iyaye suka haɗu suka kama wani gida, aka ɗauko wata 'yar ƙasar tana koyar da Sinanci da lissafi, wani ɗalibi yana koyar da Turanci, Malam yana riƙe da allo. Makaranta ta zama makaranta, har da kwamitin da ke kula da ita, wanda ake zaɓa duk shekara. Zaɓen irin namu ne na gida, babu takarda, don da yawanmu ba mu iya karatu ba, waɗanda suka iya kuma ba su yarda da juna ba. 'Yan takara su tsaya a gaba, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna. Duk mai ɗa ko jika a makarantar yana da ikon tsayawa, mace ko namiji. Ni ina da jikoki a ciki.

Bana, saboda wasannin Olamfik da ƙasar ke shirin karɓa, hukuma ta tsananta a kan biza. Mutanenmu da yawa takardunsu suka ƙare, sabuntawa ta gagara, wasu suka koma gida, wasu suka lafe a ɗaki. Ana cikin haka Malam ya kwanta, bai tashi ba. Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba ɗana ya fito neman shugabancin kwamiti. Abin da yake so shi ne a ɗauke makarantar a mai da ita can wajen filin jirgi na Baiyun, inda manyan 'yan kasuwa suke da sito-sito, kuma daga yanzu yaron da takardun iyayensa ba su cika ba a sallame shi. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Ya ce ranar da 'yan sanda suka shigo suka tarar da irin waɗannan yaran, makarantar gaba ɗaya za a rufe, kowa ya rasa. Wanda ya tsaya takara da shi wani tela ne mutumin Maraɗi, zan kira shi Malam Isufu. Shi cewa ya yi a bar makarantar inda take, a raba yaran gida-gida in an ji motsi, amma kada a kori ko ɗaya. Ni kuma da kunnena na sha jin Malam yana cewa, "Allo ba ya tambayar fasfo." Yaran nan da ake so a kora, shi ya kama hannunsu ya koya musu wanke allo. Akwai wata 'yar mitsitsiya da uwarta take sayar da tuwo a ɓoye, ranar rasuwa ta zo ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi tafiya. Ita za a ce wa ta koma cikin kwalaye?

Za ku ce, to Hajiya, me ya hana ki kira ɗanki ki gaya masa? Ku da kuka tashi a wannan zamani ba za ku gane ba. Ɗan fari ne. Ni da shi ba mu taɓa zama ido da ido mun yi magana mai tsawo ba. In ina son ya ji abu, Malam nake gaya wa, shi ya isar. In shi yana da damuwa, ta bakin Malam nake ji. Yanzu mai isarwar yana ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka na gwada. Ya shigo gaishe ni da safe, na juya wajen jikanyata kamar da ita nake, na ce, "Ke, a gaya wa mutanen gidan nan, abin da tsoho ya tara ba a watsar da shi da tsintsiya." Ya gane sarai. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Inna, wannan harkar ta maza ce da hukuma. Ki ji da takabarki, ki yi ta yi masa addu'a." Ya sa takalminsa ya fita. In ji da takabata! Wato ni yanzu kayan ɗaki ce, a ajiye ni a lulluɓe sai kwanakin sun cika? Wanda nake wa takabar, ba aikinsa ake shirin rushewa ba?

Ranar zaɓe Lahadi ce, bayan azahar, a wani gidan abinci na Musulmin ƙasar da ke kusa da unguwar Liuhua. Ɗana ya fita tun da wuri cikin shadda mai ɗaukar ido. Matarsa ta bi shi daga baya da yara. Gida ya rage ni kaɗai. Na yi salla, na zauna, na tashi, na sake zama. Na ce a raina, mai takaba tana fita in lalura ta kama, to wace lalura ce ta fi wannan? Na buɗe akwatin surukata na ɗauko niƙabi da doguwar baƙar riga, na zura takalminta da ke bakin ƙofa don nawa kowa ya san shi. Mai gadin gidan ya ɗago kai, na ce masa "nihaw", gaisuwarsu, cikin siririyar murya irin ta 'yan mata, ni da haƙorana suka soma zubewa. Ban iya karanta allon kan titi ba, amma na san wurin da hoton kwanon taliya da ke jikin ƙofarsa, don Malam ya taɓa kai ni. Ina tafe ina kuka a cikin niƙabi, zufa da hawaye sun haɗu, ina cewa Malam ka yafe mini, don kai na fito.

Na tarar an riga an ja layi, ana ta barkwanci. Wani Bakano yana ce wa mutanen Nijar, "Ku da kuka zo da Faransanci, ko layin ma kun iya?" Wani daga can ya amsa, "Mun iya mana, ai mu ba mu saba sayen kai ba!" Aka yi dariya. Dattijon da ke ƙirga ya bi layin ɗana yana taɓa kafaɗu, ya bi na Malam Isufu, ya dawo ya sake, sannan ya ce, "Jama'a, kunnen doki." A daidai nan na shigo. Wallahi da na hango ɗana a gaba, ya harɗe hannu a baya irin tsayuwar mahaifinsa, ƙafata ta kusa kai ni bayansa da kanta. Wace uwa ce za ta ga ɗanta tsaye yana jiran mutum ɗaya ta wuce shi? Ni ce. Na wuce shi, har gefen rigata ya kusa taɓa tasa, na je ƙarshen layin tela na tsaya. Dattijon ya matso ya ce, "Baiwar Allah, kina da yaro a makarantar?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Tsakaninki da Allah?" Na sake gyaɗawa. Ya ɗaga murya ya ce Malam Isufu ya ci. Kafin hayaniya ta lafa na sulale, na riga su isa gida, na mai da komai inda yake, na hau dardumata.

Da suka dawo, ɗana ko abinci bai ci ba. Ina daga ɗaki ina jin sa yana faɗa. "Wace ce ita? Wa ya san ta? Hayarta aka yi! Kuma takalmin ƙafarta na gane shi, samfurin da na kawo ne, bai ma shiga kasuwa sosai ba." Mai sana'ar takalmi, ashe ƙasa yake kallo. Surukata ta ce, "Haba Alhaji, takalmi a garin nan? Kafin ka kai samfur gida an buga dubunsa." Ya yi tsaki ya bar zancen. Can da yamma ta shigo mini da kunu, ta ajiye, ta tsaya. Ta ce, "Inna, na ga niƙabina da danshi, na wanke shi." Na ce, "Allah Ya yi miki albarka." Ta ce, "Amin." Ta juya ta fita. Yarinyar kirki, tana ɗauke da kayan da ba ita ta ɗaura ba.

To ga inda maganar ta tsaya. Ɗana ya kai ƙara wajen dattawa, ya ce ba a san matar ba, don haka kanta ba ya cikin lissafi. Dattawa suka yanke cewa ranar Lahadi mai zuwa matar ta fito ta buɗe fuska, ta nuna yaron da take da shi a makarantar. In ta fito, zaɓe ya tabbata. In ba ta fito ba, a sake jan layi. Kuma kowa ya san abin da sakewa take nufi. Tun daga ranar an ƙara kama mutane a unguwa, rabin waɗanda suka tsaya bayan Malam Isufu yanzu ko kasuwa ba sa leƙawa, balle taro. Ɗana zai ci ba tare da ya yi gumi ba, yaran kuma a sallame su. Shi Malam Isufu yana ta bi gida-gida yana cigiya, har nan ya zo yi mini gaisuwa, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ki sa mu a addu'a, Allah Ya bayyana baiwar Allahn nan." Bayan fitarsa ba da jimawa ba ɗana ya shigo, ya durƙusa ya ce, "Inna, bakinki ba ya faɗuwa ƙasa. Ki roƙa mini Allah Ya tona asirin matar nan." Na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri." Ya ce amin da ƙarfi, har da shafa fuska.

Ina jin kunya, ba zan musa ba. Na fita cikin takaba ba da sanin kowa ba, na sa kayan da ba nawa ba, na bar ɗana yana zargin bayin Allah da sayen kai. Wannan na kai shi gaban Ubangijina, kuma kullum ina neman gafara. Amma tsayuwar da na yi, kada wanda ya rubuto ya ce in yi nadamarta. Ban yi ba. Da za a mai da ni bakin ƙofar gidan abincin nan, layin da na bi shi zan sake bi. Na haifi ɗana, na goya shi, ina son sa fiye da numfashina, amma haihuwa ba ta ce in bi bayansa ya kai ni inda mahaifinsa ya hana ba.

Abin da ke hana ni barci daban ne. In na ɗaga niƙabi a gaban dattawa, yaran sun tsira, amma ɗana fa? Daga Zhanxi har Kano za a ce ga wanda uwarsa ta fito daga takaba don ta kayar da shi. Da wane ido zai shiga kasuwa? Da wane ido zai shigo gaishe ni da safe? Shi kaɗai nake da shi a ƙasar nan, shi zai sa ni a rami in tawa ta zo. In kuma na kira shi a ɗaki na gaya masa, na ce ya janye ƙarar ya rufa mana asiri mu duka, ta ina zan fara, ni da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba? In ya ce a'a fa? In na ja bakina na yi shiru, zan cika takabata cikin mutunci, kowa yana cewa Hajiya mai haƙuri, ana sallamar yaran ɗaya bayan ɗaya ina ji ina gani. Wannan mutuncin ba na so.

Lahadi tana matsowa. Masu ilimi ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci, iyaye mata kuma da suka san nauyin ɗan fari ku sa kanku a inda nake. Ni dai ba zan bari a sake jan layin nan ba. Yadda zan hana ba tare da na rasa ɗana ba ne ban sani ba. Me zan yi?