Ƙafar Inna da Kwankwasona

Daren Laraba, Cadawa

Yau ni da Inna mun je ganin likita a Agye. Tun bara wanzami ɗaya ke yi mana ƙaho, a zatonmu duka ciwon jijiya ne. Ashe ba ɗaya ba ne! Likitan ya ce nawa jijiya ce ta danne a baya, sai in riƙa tafiya. Raɗaɗin ƙafar Inna kuwa ciwon sukari ne. Ya ba ta ƙwaya, ya hana ta zaƙi da tsagar wanzami.

Inna ta harare ni ta ce, "Ke an ba ki yawo, ni an ƙwace mini shayi. Nawa kika ba shi?"

Na yi dariya har kwankwasona ya amsa. Ga ta can tana minshari, rabonta da barci haka tun girbi. Alhamdulillahi.